Kankanar Bakin Tafki

Zafin bana bai bar kowa da kwalliyarsa ba. Kafin Auta ta sauka daga motar haya ta taka zuwa gidan Gimbiya, rigarta ta manne mata a baya, hodar fuskarta ta bi gumi. Tana tura ƙofar falon sanyin na'ura ya dake ta, har sai da ta lumshe ido.

"Ga Malama nan," in ji Gimbiya daga kan doguwar kujera, ko motsawa ba ta yi ba. "Rufe mana ƙofa kada sanyin ya gudu. Dube ki don Allah, kamar an tsamo ki daga tukunya."

Aku ce ta taso ta rungume ta, tana cewa ta rame, ta yi baƙi, ta manta da mutane, duk a numfashi ɗaya.

Su ukun ƙawaye ne tun makarantar kwana. Gimbiya ta samo sunanta ne saboda ko bokitin wankanta sai ta nemi mai ɗaukar mata, yanzu kuma tana auren wani mai kamfanin gine-gine, sunan ya ƙara zama mata daidai. Aku bakinta ne ya ja mata nata, magana ba ta kwana a cikinta, tana aiki a wani kantin magani. Ita kuwa Auta ita ce ta ƙarshe a ɗakin mahaifiyarta, tana koyar da 'yan aji uku a firamare, ga shi ana dogon hutu.

An jima ba su zauna tare ba, kuma Auta ce ta janye ƙafa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai wanda take so, saurayin da kowa ke kira Mai Lambu, yana noman kankana da mangwaro a bayan gari, yana lodawa a tsohuwar motarsa ya sayar da kansa. Yayanta, wanda ya zama uban gida tun rasuwar mahaifinsu, ya ce in dai yana numfashi ba za a yi ba. Shi wanda ya zaɓa mata wan Gimbiya ne, wani lauya mai doguwar mota, wanda ya gan ta sau ɗaya a wannan falon ya ce ya ga matar aure. Tun daga nan gidan ya fita daga ranta. Yau ma nacin Aku ne ya kawo ta.

"Wannan zafi sai dai mu ce Allah ya tsare mu da na lahira," in ji Aku tana komawa mazauninta. "Fankar ɗakina iska take huro min kamar bakin tanda. Ruwan famfo kuwa da rana ko shayi ka haɗa da shi. A kantinmu hodar ƙurajen zafi ta ƙare tas, iyaye sai shigowa suke da yara jikinsu kamar an watsa musu yashi."

Gimbiya ta yamutsa fuska. "Ku dai kuna ƙoƙari. Ran nan na'urar ɗakin barcina ta tsaya, wallahi sai da na ce wa maigidan ko ya kawo mai gyara yanzu ko ya kai ni otal."

Auta ta dubi zobban da suka cika yatsun Gimbiya, ta tuna yarinyar da ke aron sabulunta a makaranta ba ta taɓa mayarwa ba. 

Mai aikin gidan ta shigo da babban faranti, mangwaro a yanke, inabi, kankana ja wur, da tulun gilashi cike da ruwan lemon tsami, ƙanƙara na yawo a ciki. Aku ta kai hannu tun kafin a ajiye.

"Mangwaron bana ya yi zaƙi, shi ne kaɗai alherin zafin nan," ta ce bakinta a cike. "Mu fa gidan namun daji muka kai yara makon jiya. Ku zo ku ga zaki kwance a inuwa kamar tsohuwar tabarma. Yara suna ta kiransa, ko kunne bai kaɗa ba. Ƙaramin nawa ya ce mu tafi gida, wannan zakin ya mutu ba a sani ba."

Auta ta yi dariya, dariyarta ta farko tun shigowarta.

"Wa ke zuwa gidan namun daji da zafin nan ana shaƙar wari?" in ji Gimbiya. "Bakin tafki ake zuwa. Iska, inuwa, ga kwalekwale. Ranar Asabar can muka wuni, mota uku muka yi."

"Ai wunin ya yi daɗi," in ji Aku tana lasar yatsa. "Ni abin da ya fi ba ni dariya yadda Ummarku ta ƙi shiga kwalekwalen nan. Ta ce ita ruwan da ya wuce na baho ba ta yarda da shi ba."

Auta ta ajiye kofin da ta ɗauka.

"Ummar wa?"

Aku ta daskare da ɓawon mangwaro a hannu. Ta dubi Gimbiya, ta dubi ƙasa.

Ranar Asabar ɗin Umma da Yaya sun ce mata za su je duba wata gwaggonsu da ba ta da lafiya, ita ta zauna ta jira mai gyaran famfo. Ta wuni a gida ita kaɗai tana fifita da murfin kwali, mai gyaran ma bai zo ba.

"Tunda Aku ta fasa ƙwan, sai ki ji sauran," in ji Gimbiya. Ta gyara zama, fuskarta ta washe kamar wadda aka yi wa albishir. "Yayanki da nawa ne suka shirya, don iyaye su ga juna su saba. Ke an san halinki, da an gaya miki da kin ɓata wa kowa rai. To muna zaune a inuwa an shimfiɗa darduma, sai wa muka hango? Mutumin naki. Ya ajiye akwalar motarsa a gindin bishiya, da malafa a ka, yana ta kiran masu wucewa su zo su ɗanɗana."

"Sana'arsa yake yi," in ji Auta.

"Wa ya ce sata yake? Yayanki ya ɗaga hannu ya kira shi. Ya taho da kankana biyu a kafaɗa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Aka ce ya durƙusa ya yanka mana. Yana cikin yankawa Yayanki ya ce wa nawa, 'Ka ga wanda ke takara da kai.' Wallahi na ɗauka cikina zai yi ciwo don dariya."

"Gimbiya, ya isa haka," in ji Aku a hankali.

"Bari ta ji mana. Shi kuma Yaya Lauya kin san shi da barkwanci. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, 'Kai, ka iya yanka. Idan bikinmu ya zo kai za ka kawo mana kankanar.'"

Auta ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji, amma ba ta bari ya fito a fuskarta ba. Ta yi wa Gimbiya wani kallo daga ɗankwali har zuwa farcen ƙafa.

"Ashe haka wanki ya ƙware," ta ce a sanyaye. "Duk karatun da ya yi, duk shari'ar da ake cewa yana ci, bai iya tsayawa gaban mace ya nemi soyayyarta ba, sai dai ya ɓuya a bayan tsofaffi ya yi wa mai neman halalinsa ba'a. Ke kuma kina gefe kina washe baki. Ban yi mamaki ba. Tun muna yara ba ki taɓa cin abin da guminki ya kawo ba, ina za ki san darajar mai gumi?"

Gimbiya ta taɓe baki. "Faɗi duk abin da kika ga dama. Ƙwarya dai ƙwarya take bi. Gata ake so a yi miki, a fitar da ke daga ƙurar alli da warin taki, kina wani fisge-fisge. Kuma kafin ki gama kare shi, tambaye ni abin da gwarzon naki ya amsa."

Auta ba ta tambaya ba. Gimbiya ma ba ta jira ba.

"Cewa ya yi, 'Allah ya kai mu.' Ya goge wuƙarsa a wando ya tafi."

"Ƙarya kike yi."

"Ga Aku nan."

Auta ta juya. Aku ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi a hankali.

Nan ne Auta ta gane. Tun ranar Asabar ɗin Mai Lambu bai ɗauki wayarta ba sai sau ɗaya, ya ce aiki ya yi masa yawa, kankana na nuna gaba ɗaya. Ta yarda, har tana tausaya masa.

Ta ɗauki jakarta ta miƙe.

"Ki sha lemon mana kafin ki koma cikin ranar," in ji Gimbiya.

"Bar shi. Na gidanku daɗinsa a baki yake tsayawa."

Motar haya ta sauke ta a tasha ta ƙarshe, inda kwalta ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa. Lambun yana kwance cikin rana, ganyen kankana duk ya yi laushi, injin ban ruwa na ta tari a bakin rijiya. Ta sami Mai Lambu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana jera kaya a bayan mota, yana ƙwanƙwasa kowace kankana da yatsa kafin ya ɗora.

Da ya gan ta sai hannunsa ya tsaya.

"Malama. Da wannan ranar?"

Da can "Manomina" take kiransa. Yau ta ce, "Mai Lambu, na zo yin odar kankana ce. An ce kai za ka kawo ta bikina."

Ya ajiye wadda ke hannunsa a hankali. Ya cire malafarsa, ya rasa inda zai sa ta.

"An gaya miki ke nan."

"An gaya min, a falo mai sanyi, ana cin inabi ana dariya. Ni kuma na tashi ina kare ka kamar wawuya, ashe kai ka riga ka sa albarka. 'Allah ya kai mu.' Da bakinka?"

"Da bakina."

"Ko kunya ba ka ji ba?"

"Umma na zaune a wurin, Malama. Me kike so in ce? In zagi baƙonta a gabanta? In kama rigar Yayanki?"

"Ka yi shiru mana. Shiru ma amsa ce. Ka ajiye musu wuƙar ka juya. Amma ka durƙusa ka yanka, ka kuma bi su da addu'a. Shekara biyu ina shan gori a gidanmu saboda kai. Yaya ya daina amsa gaisuwata, matarsa in na wuce sai ta toshe hanci ta ce ana warin taki. Duk na shanye, ina cewa namiji nake jira. Ashe ɗan aike nake jira."

Maganar ta shige shi, ta ga yadda jijiyar wuyansa ta motsa. Ya jingina da motar.

"Ba maganar Lauya ce ta kashe min jiki ba," ya ce. "Irinsa nawa na gani, su tsaya a mota su kira ni da yatsa. Wannan ba ya hana ni barci. Abin da ba a gaya miki ba shi ne abin da ya biyo baya, don ba wanda ya gani. Da suka shiga kwalekwale, Umma ta taso ita kaɗai ta same ni a bakin mota."



"Ta ce min, 'Ɗana, ban taɓa jin mugun abu a kanka ba. Amma gidana zai rabe biyu saboda kai. Babban ɗana ya rantse in aka yi auren nan ba shi ba mu, ni kuma shi ne bangon da nake jingina.' Tana magana tana kuka, Malama. Ta kama hannuna wannan, da ƙasa da komai, ta ce in yi wa Allah in bar mata 'yarta. Ta ce in yi mata alkawari."

"Ka yi?"

"Ni ban tashi da uwa ba. Ban san yadda ake ce wa hawayen uwa a'a ba."

Hawayen da take ta dannewa tun daga falon Gimbiya suka ɓalle. Ba ta share su ba.

"To nawa hawayen fa? Na banza ne? Ka yi alkawari a kaina ba ka tambaye ni ba, ka kashe waya ka bar ni ina yi maka addu'ar samun kasuwa. Ka ba da ni kyauta kamar ɗanɗanon da kake yanka wa mai ciniki."

"Kada ki ce haka. Allah ya sani tun ranar ban ci abincin kirki ba. Ina son ki fiye da..."

"Riƙe son naka. Son da ba ya iya buɗe baki ya yi magana, me zan yi da shi? Su sun raina ka saboda malafarka, ban taɓa damuwa ba. Yau ni ce na raina ka, kuma ba don malafa ba."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya miƙo hannu kamar zai riƙe gefen mayafinta, sai ya tuna alkawarinsa, ya mayar da hannun. Wannan mayarwar ta fi komai yi mata ciwo. Ta juya ta kama hanya.

"Bari in kai ki tasha, ranar ta yi yawa," ya ce a bayanta.

"A'a. Kada ka karya alkawari."

La'asar ta yi sanyi kaɗan lokacin da ta isa gida. Umma na zaune a ɗakinta a kan tabarma, ta ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya, tana fifita da mafici saboda an ɗauke wuta. Kallo ɗaya ta yi wa idon Auta ta san an yi walƙiya.

"Umma, ya jikin Gwaggo?" in ji Auta tana durƙusawa. "An ce iskar tafki ta yi mata amfani."

Maficin ya tsaya.

"Auta, ni kike yi wa gatse?"

"Wace ni. Tambaya nake. Tun ina ƙarama kike cewa maƙaryaci ba ya shiga ɗakinki. Shi ne na rasa yadda aka yi kika bar ni ina jiran mai gyaran famfo, ke kina can ana cinikina a kan darduma."

"Ba cinikinki aka yi ba." Umma ta gyara tawul ɗin wuyanta. "Ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Manomi fa, Auta. Bana ya samu, baɗi ƙwari su cinye. Na ga mata sun tsufa kafin lokacinsu a irin wannan aure. Ga mutum mai mutunci, mai ilimi, ya zo har gida yana so."

"Mai mutuncin da ya sa ɗan mutane ya durƙusa a gabanki yana yi masa ba'a? Kina kallo, Umma."

Umma ta kawar da kai. "Wasa ne irin na maza."

"In wasa ne me ya sa kika bi shi bakin mota kina kuka?"

Umma ta saki maficin, ta rufe fuska da tawul ɗin. Kukanta ba mai sauti ba ne, kafaɗunta ne kawai ke girgiza. Auta ta matsa ta dafa gwiwarta, ita ma tana zubar da nata.

"Ku biyu gare ni," in ji Umma daga cikin tawul. "In na bi ki na rasa shi, in na bi shi kina kallona kamar maƙiyiya. Ya zan yi da raina? Ki taimake ni, Auta. Ki rufa min asiri in mutu gidana a haɗe."

"Umma, kin karɓi alkawarin Mai Lambu, kuma zai cika, na san shi. Amma ni ba wanda ya karɓi nawa. Ba zan bi shi ba tunda ya sake ni. Lauya kuwa, ko shi kaɗai ya rage namiji a duniya, sai dai in tsufa a ɗakin nan ina yi miki fifita."

Ba ta rufe baki ba suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sannan muryar Yaya daga falo.

"Auta, fito ki gaida baƙo."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta fita ba ta ko duba madubi ba.

Lauya na zaune a kujerar marigayi mahaifinsu, wadda ba wanda ke zama a kanta, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ƙamshin turarensa ya cika falon har yana hawa kai. Yaya na gefensa a tsaye yana yi masa fifita da jarida, yana ba shi haƙurin rashin wuta. Auta ta dubi wan nata, mutumin da in ya yi tsawa a gidan kowa ke shiga taitayinsa, yau ga shi yana kaɗa wa wani iska. 

"Ranki ya daɗe," in ji Lauya yana murmushi. "Ƙanwata ta kira ni, ta ce kin bar gidanta da fushi. Shi ne na ce bari in zo da kaina in wanke laifina."

Ba ta zauna ba. "Ba ka yi min laifi ba. Sai wanda ka ɗauka da daraja yake iya yi maka laifi."

"Auta," in ji Yaya cikin kashedi.

"Ƙyale ta," in ji Lauya yana ɗaga hannu. "Ina son mace mai baki. Faɗi abin da ke ranki."

"Abu ɗaya ne. Ba na son ka, ba zan so ka ba, kuma ba don wani ba ne. Ko babu kowa a gabana, mutumin da ke jin daɗin durƙusar da na ƙasa da shi ba mijina ba ne. Ka nemi mai son motarka, suna da yawa."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, sai dai idonsa ya canza. Ya sauke ƙafarsa, ya karkaɗe wandonsa duk da ba abin da ya taɓa shi.

"Na saba da shari'ar da ake farawa da a'a," ya ce. "Ba na gaggawa. Amma tunda muna faɗa wa juna gaskiya, bari in ba ki tawa. Filin da mutumin naki yake nomawa ba nasa ba ne, haya yake yi, kin sani. Abin da ba ki sani ba, mai filin ni nake riƙe masa duk harkokinsa. Yarjejeniyarsu za ta ƙare da ƙarewar zafin nan. In na ce a sabunta, a sabunta. In na ce akwai masu son gina gidaje a wurin, kafin damina an tumɓuke mangwaron nan har saiwa." Ya miƙe yana gyara agogonsa. "Ban ce zan yi ba. Ina dai so ki san rijiyarsa da bishiyoyinsa a tafin hannunki suke. Ki yi tunani a tsanake."

 Auta ta san bishiyoyin nan Mai Lambu ne ya dasa su da hannunsa, tun suna tsawon gwiwa yake ɗebo musu ruwa.

Lauya ya yi sallama ya fita. Yaya ya raka shi har mota, ya dawo yana huci, ya nuna ta da jaridar da ke hannunsa.

"Ke wace irin marar..."

Bai ƙarasa ba. Labulen ɗakin Umma ya ɗage. Tana tsaye a bakin ƙofa, tawul ɗin a hannunta, idonta a bushe. Ba Auta take kallo ba. Kujerar marigayin take kallo, inda mutumin ya tashi, da irin kallon da take yi wa abin da kare ya lasa.

"Babba," ta kira Yaya da sunan da ta daɗe ba ta kira shi da shi ba. "Wannan ne mutumin da ka sa na je na zubar da hawayena a gaban ɗan mutane saboda shi?"

Yaya ya sauke jaridar. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙanwarsa, gumi na gangaro masa ta gefen kunne.

"Umma," ya ce da muryar da ba ta yi kama da tasa ba, "na riga na ba shi ita. Tun a bakin tafki muka tsayar da rana."